Ƙugiyoyin da ke Bakin Iya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa gulbi ya ba shi hanya, ya tara teku ya sa mata iyaka, ya halicci mai ƙoshi da mai yunwa ya zuba musu ido. Ni ce Kuluwa 'yar Sarkin Ruwa, mai bandar kifi ta Gungun Baure, wadda ta bi Gulbin Malmo tun daga inda yake da daɗin sha har inda ya koma gishiri, ta dawo da ƙafafunta biyu da zuciyar da ba ta huce ba. Ku baƙi ne, shi ya sa kuka tambaye ni wane ne mutumin can da ke buga gora a bakin ruwa kowace safiya, kuma me ya sa nake wuce shi ba gaisuwa. To ku zauna. Amma duk wanda ya san zai ce mini in yi haƙuri, ya tashi tun yanzu, don na sha kalmar nan har ta gundure ni.

Garin nan namu, kamar yadda kuka gani, tsibiri ne. Ba mu da gona sai 'yar fadama, ba mu da shanu, ruwa ne rumbunmu. Ruwan kuwa ba ya cika da kifi sai ta dalilin Iya. Iya kifanya ce, ta fi kowane kwalekwale tsawo, ɓawon jikinta kowanne ya kai faifai. A teku take zaune. In damina ta yi tsakiya, gulbi ya cika ya buɗe bakinsa, sai ta hauro, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa na biye da ita har ruwa ya yi baƙi. Ta zuba ƙwai a fadamarmu, ta koma kafin ruwa ya janye yashi ya toshe bakin gulbi.

Tsakaninmu da ita akwai alkawari tun kaka da kakanni. In ta iso, Sarkin Ruwa zai shiga da goransa, babban goran nan da masunta ke kwanciya a kai a ruwa, ya buga mata wani kiɗa da ba wanda ya iya sai gidanmu. Ita kuwa ta taso, ta buɗe baki, ya jefa mata curin dawo. Mu ci abin da ta kawo, ita ba a taɓa ta da ƙarfe. Babana ya koya wa ƙanena Anaruwa kiɗan nan. Ni mace ce, ba a koya mini ba, amma kunne ba ya neman izini, daga bakin banda na ɗauke shi tsaf.

Anaruwa ni na goye shi bayan uwarmu ta rasu, ni na tauna masa kifi na sa masa a baki. Ya girma da ƙafa mai ƙaiƙayi. Kullum maganarsa, "Yaya, mu fa kifin rijiya ne, ba mu san duniya ba." Rannan ya ce zai je ya ga teku. Baba ya sa masa albarka, ya ba shi gora, ya ba shi tsohuwar ƙugiyarsa baƙa mai zane uku a wuya, wai ko yunwa ta kama shi a hanya ya kama abin ci. Ya tafi, shiru kake ji.

Damina ta zagayo, Iya ba ta zo ba. Muka ci busasshen bara, muka ci ganye. Wata daminar ta sake zagayowa, ba Iya ba alamarta. Baba ya riƙa shiga ruwa tun asuba yana kiɗa har tafinsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Wata safiya muka ji kiɗa ya tsaya. Rungume da gora muka tsamo shi. Bayan addu'ar bakwai dattawa suka yanke cewa in wannan damina ta wuce Iya ba ta hauro ba, kowa ya kama gabansa, Gungun Baure ya zama kufai.

Na ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Zan je in ga abin da ya riƙe ta."

Suka ce, "Kuluwa, wannan ba tafiyar mace ba ce."

Na ce, "Madalla. To wane namiji ne a cikinku zai je?"

Kowa ya hau duban ƙasa sai ka ce ya yar da allura. Na ja tsaki, na ɗauki goran Baba da ƙullin gero da kaskon garwashi, na shiga kwalekwale.

Wahalar farko a Mashigin Kadoji ta same ni. Nan gulbi ya tsuke, kadoji sun kwanta a jere daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma su ma yunwar ta taɓa su, har haƙarƙarinsu ake gani. Wani mai ido ɗaya ya ɗaga kai ya ce, "Baiwar Allah, a nan ana biyan hanya. Hannu ko ƙafa, zaɓi ya rage naki." Na dubi ƙafar nan tawa da ta koma kamar kara, na ce, "Ga ƙafa, ba na rowa. Amma a garinmu babba ake fara miƙa wa abinci. Wane ne babbanku?" Mai ido ɗaya ya ce shi ne. Wani daga baya ya ce ƙarya yake, shi ya ga ƙyanƙyasarsa. Kafin ka ce me, wutsiya ta fara tashi, ruwa ya koma taɓo. Na raɓa ta gefen gaɓa na wuce, na bar su suna lissafin shekaru da haƙora.

Daga nan na faɗa Dajin Masu Ƙafa, inda itatuwa ke tsaye kan saiwoyi dogaye a cikin ruwa. In ka zuba musu ido, itatuwa ne. Kana juya baya sai su taka, su rufe hanyar da ka shigo, su buɗe wata ta ƙarya. Na yi ta zagaye har hannuna ya mutu, ina ganin ƙasusuwan jiragen waɗanda suka riga ni. Da haushi ya ishe ni na ce, "Ni za ku yi wa wasan 'yar ɓuya? Ni da na ƙone kakanninku a banda?" Na hura garwashi, na zuba ɗanyen ganye, hayaƙi ya turnuƙe. Wallahi sai ga su suna tattare saiwoyi suna ja da baya. Na riƙa tsoma yatsa ina ɗanɗana ruwa, duk inda ya fi gishiri nan nake bi, har na fita.

Na iso bakin gulbi. Ruwa ya fara janyewa, yashi ya taso, gindin kwalekwalena ma sai da ya gogi ƙasa. In kwalekwale na gogar ƙasa, ina ga Iya? Na san kwanakin da suka rage kaɗan ne. Na ɓoye kwalekwalen a cikin ciyawa, na bi gaɓar teku da ƙafa har na isa birnin Zalmuru.

Zalmuru gari ne na farin dutse, inda gurasa ke 'ya'ya a kan itace, zuma na bin magudana. Mutanensa ba sa noma, ba sa saƙa, ba abin da ke damunsu sai gundura, har sarauta suka yi mata, suna da Sarkin Nishaɗi. A bakin tekunsu ƙananan jirage ne birjik, an yi musu fenti, an kafa musu rumfa, an jera matasai. Da hantsi sai ka ga ƙarti sun fito da sanduna masu zare, an tuƙa su cikin ruwa. Na ce a raina, ashe dai masunta ne, 'yan'uwa ne.

Ina tsaye wani ya fizgo kifi, tsawonsa ya kai hannuna, mai ƙiba, irin wanda zai ciyar da gida guda. Yawuna ya tsinke. Mutumin ya auna shi da taƙi, abokansa suka tafa, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Sai ya cire ƙugiya ya wurga shi cikin ruwa.

Ban san lokacin da na shiga ruwa har gwiwa ba. Na ce, "Kai! Hannunka ne ya suɓuce?"

Ya ce, "A'a, na gama da shi ne."

"Ka gama da shi? Ba za ka ci ba?"

Suka bushe da dariya. Ya toshe hanci ya ce, "Mu ci kifi? Da wannan ƙarnin? Baƙuwa, mu don shaƙatawa muke yi."

Shaƙatawa! Ku ji fa. Mu can muna binne yara, su nan suna yaga bakin abinci don rana ta yi saurin faɗuwa. Na zage shi, na zagi sandarsa, na zagi wanda ya saƙa masa matashi. Ko a jikinsu, wani ma ya ce a bar ni in ci gaba, wai ban dariya gare ni.

Ina cikin haka na ji shi. Daga can nesa cikin teku, iska ta kawo kiɗan gora. Kiran Iya ne. Kuma na san hannun, don yana da wani ɗan jinkiri a bugu na uku da Baba ya yi ta faɗa a kai bai gyaru ba. Na zauna a yashi. Da farko murna na yi, Allah ya sani, na ce ashe yana da rai. Can sai na tambayi kaina, wa yake kira wa Iya a nan?

Da la'asar jirgin ya dawo, ana guɗa ana tafi, an ɗauki wani saurayi a kafaɗa wai ya sa wa Babbar Kifanya ado. A gindin jirgin ga Anaruwa, ya yi ƙiba, ya sa riga mai aiki, goranmu a cinyarsa. Na jira jama'a ta watse. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya ce, "Yaya?" Na ɗauke shi da mari, sai da hularsa ta faɗa ruwa.

Na ce, "Wane ado ake sa wa Iya?"

Ya hau laluben hularsa. Na ɗaga hannu kuma, sai ya fara magana. Ya ce a Zalmuru ba girman da ya kai a ce ƙugiyarka na bakin Babbar Kifanya. Kowane mai hali yana ƙera ƙugiyar zinariya, ya ɗaura mata zaren alharini mai launin gidansu. Shi Anaruwa ya tuƙa shi, ya buga gora, Iya ta taso, a jefa mata curin dawo da ƙugiya a ciki. Mutum ya yi ta ja da ita har ya more, sannan a yanke zare a bar mata ƙarfen a baki.

Na ce, "A cikin dawo?"

Ya ce, "Ba ta karɓar komai sai shi."

"Kuma tana zuwa?"

"Kullum, Yaya. Ta san abin da ke ciki, amma in ta ji kiɗan tana zuwa."

Kayya! Da ɗan gari akan ci gari. Na shaƙe wuyan rigarsa na ce, "Ka san Baba ya mutu a cikin ruwa yana buga kiɗan nan, tafinsa na jini, kai kana nan kana sayar da shi ga 'yan hutu?"

Ya durƙusa a yashi ya rushe da kuka. Ya ce da ya iso garin tsumma ne a jikinsa, suka riƙa yi masa dariya suna ce masa ɗan kogi, suka ce ƙarya yake ba wanda kifi ke amsa wa kira. Wai sau ɗaya ya so ya nuna musu. Daga sau ɗaya suka ba shi gida, suka ba shi jirgi. Wai bai san ta daina haurawa ba, ya ɗauka wasa ne da ba ya kisa, tunda ana sakinta.

Na ce, "Rufe mini baki. Kukanka ka ajiye, ba ya cika tukunya. Yaushe za ka sake fita?"

Ya ce gobe da hantsi, kuma Sarkin Nishaɗi ne da kansa. Ya ce matuƙin da ya ɓata wa baƙo wasa, a tsakiyar teku ake sakinsa ba filafilin tuƙi. Na ce ko a tsakiyar wuta ake sakinsa gobe da ni za a tafi. Na sa ya faɗa mini dokar wasan kaf. Ashe mai riƙe sanda ɗaure shi ake yi a kujera da ɗamarar fata, yana fuskantar bayan jirgi. Daga lokacin da zare ya miƙe, ba ya waiwaye, ba ya sakin sanda, sai matuƙi ya yanke zare ya yi shela. Wanda ya waiwaya ko ya saki, a aske masa rabin gemu a zaga gari da shi, kuma gwamma mutuwa a wurinsu da wannan. Na ce to, Allah ya kawo mu goben.

Washegari na daka gerona na cura dawo, Anaruwa ya ce wa fadawa ni ce sabuwar mai curi. Aka kawo Sarkin Nishaɗi a kan kafaɗu. Mutum ne kamar kwatarniya, gemunsa ya sha turare, da ya zauna sai da jirgin ya nutsa da taƙi guda. Mu uku muka fita, don jirgin ba ya ɗaukar fiye da haka. Tun a hanya ya fara hamma yana cewa, "Matuƙi, in ba ta ja da ƙarfi ba fa ban yarda ba. Jiya ko barcin rana ban iya ba saboda gundura." Na cije leɓe har na ji gishirin jini.

Da gari ya ɓace mana, Anaruwa ya ɗaure shi a kujera, ya miƙo mini ƙugiyar zinariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, dawon manya ba a jefa shi, da hannu ake kai shi ƙasa." Na faɗa ruwa da ƙugiyar, na nutsa ta ƙarƙashin jirgin, na ja zaren daga baya har gaba, na maƙale ta a zoben ƙarfen da ake ɗaure jirgi. Na hau ta gaba ina tsiyayar ruwa, na ce wa Anaruwa, "Buga."

Ya buga. Ruwa ya yi shiru, sannan ya kumbura, jirgin ya tashi ya sauka, zare ya miƙe. Sarkin Nishaɗi ya ƙwala ihu, "Ta kama! Ta kama!" Ya rungumi sanda ya hau kokawa da jirginsa. Mu kuwa a gaba, Iya ta taso.

Ban gane ta ba. Ta rame, ɓawonta ya zube wuri-wuri, idonta ya yi fari. Bakinta kuwa, wayyo Allah. Leɓe na sama da na ƙasa, dasashi, gefen harshe, duk ƙugiyoyi ne, zare ja da kore da shuɗi na reto, wasu sun harɗe sun ɗinke mata gefen baki. Wurin ya kumbura yana ruwa. Da haka ta matso, ta buɗe iyakar abin da zai buɗu, tana jira.

Na ce, "Iya, ni ce, 'yar Sarkin Ruwa." Na juya na ce wa Anaruwa, "Dube ta. Kada ka kawar da kai, ɗan banza, dube ta!" Na sa ya tokare mata baki da filafili, na kwanta kan goran Baba na shiga aiki. Shekaruna nawa ina cire ƙaya daga kifi, amma ban taɓa cire ƙarfe daga mai rai ba. Ina murɗawa ina zarewa, wata ta fito da sauƙi, wata sai da nama. Duk wadda na cire sai jikinta ya girgiza ya bugi jirgin, Kwatarniya kuwa ya yi ihu daga baya, "Kai, ƙarfi gare ta! Wannan shi ne daɗi!" Na riƙa watsa zinariyar nan cikin teku ina tsine wa masu ita gida-gida, launi-launi. Yatsuna suka yayyage, jinina da nata suka gauraya.

Da na ga bakin ya fita tas, na ɗauko dawo na sa mata. Ta riƙe shi a baki, tana juya shi a hankali, tana laluben inda zafin zai fito. Wannan abin ya fi komai ƙona mini rai. Ta yi ƙoƙarin haɗiyewa, sai dawon ya dawo. Ta sake, ya sake dawowa. Na leƙa can cikin maƙogwaro, na hango wata guda ta nutse a nama. Ba ta ƙyalli. Baƙa ce, da zane uku a wuya.

Na fito da kaina na dubi Anaruwa. Bai jira na tambaya ba, ya ce, "Ita ce ta farko. Ranar da na nuna musu."

Ƙugiyar Baba, wadda ya ba shi don kada ya kwana da yunwa, ita ce ta hana Iya haɗiyar abinci shekara biyu. Na rasa zagin da zan yi masa, duk wanda na ɗauko sai in ga ya yi kaɗan. Na karɓi filafilin na ce, "Hannuna bai kai ba. Wanda ya sa shi zai cire."

Ya tuɓe rigar nan mai aiki ya shiga ruwa. Ya zura hannu, ya zura kafaɗa, har kansa ya shige. Ni kuwa hannuna da ya yayyage ya kasa riƙe filafilin, ya suɓuce ya faɗi. Ba abin da ya tokare bakin. Tana iya rufewa ta raba shi biyu, kuma da ni ce ita, wallahi da na datse. Ta bar bakin a buɗe, jikinta na rawa, har ya fito da ƙugiyar ta huda masa tafi ta ɓulla ta baya. Na sa mata dawo, ta haɗiye. Na sa mata sauran duka.

Na jawo goran Baba na buga mata kiɗan, ina nuna mata hanyar gulbi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta nutse, ta juya da kanta, muka ga ruwa na tsagewa ya nufi bakin Malmo.

Daga baya Kwatarniya ya ce, yana haki, "Matuƙi, hannuna ya fara gajiya. Ba za ka yanke ba?" Na ce, "Haba ranka ya daɗe, yanzu ma ta fara. Riƙe da kyau, kada ka waiwaya, ka tuna gemu." Na ajiye masa ɗaya filafilin a bayan kujera, ruwa kuma na tura jirgin wajen garinsu. Muka kwanta kan gorunanmu muka bi Iya. Har muka yi nisa ina jin ihunsa yana yabon ƙarfin jirginsa.

A bakin gulbi muka tarar da abin da nake tsoro. Iya ta hau yashi ta maƙale, rabin bayanta a waje, rana na dukanta. Bayanta kuwa teku ta yi baƙi da kifi, sun taru suna jira. Na ciro filafilin kwalekwalena daga ciyawa na hau haƙa ta dama, Anaruwa na haƙa ta hagu da hannu ɗaya da gwiwoyi, ɗayan hannun na zubar da jini. Muna haƙa yashi na komawa. Na yi ta ihu, ina zagin yashi, ina zagin Zalmuru, ina zagin ƙanena, ina kiran sunan Baba. Can wata igiyar ruwa babba ta taho da kifayen nan gaba ɗaya, suka doki bayanta, ta yi wani yunƙuri, yashi ya ɓalle. Ruwan ya kwashe mu ya watsar a gaɓa, muka kwanta muna kallon gulbi na cika.

Komowa ba ta yi wuya ba. Itatuwa suka ji warin hayaƙi a zanena suka ba da hanya, kadoji kuwa baki cike, ba wanda ya tambayi ƙafa. Muka iso muka tarar har an fara kwance rufin ɗakuna, sai ga mutane a ruwa da homa suna kuka suna kamu. A shekarar nan banda ba ta huta ba, ba wanda ya bar Gungun Baure. Dattawan da suka hau duban ƙasa suka zo suna cewa ai dama sun san zan iya. Na ci gaba da juya kifina.

Aka naɗa Anaruwa Sarkin Ruwa, don ba wani namiji a gidanmu, ni kuma ban faɗa wa dattawa komai ba a lokacin. Ranar ba da dawo gari duka ya fito. Ya shiga ruwa ya buga. Muka ga gulbi ya kumbura daga nesa, kumburin ya taho, ya zo daidai shi, ya wuce. Ba ta taso ba. Dawon ya narke a hannunsa. Da kansa ya juyo ya faɗa wa jama'a dalili, yana tsaye cikin ruwa.

Tun daga ranar, kowace damina tana zuwa, tana kawo kifi, tana zuba ƙwai, ba ta taɓa fasawa ba. Amma ba wanda ya sake ganin fuskarta. Yaran da aka haifa bayan nan sun ɗauka tatsuniya ce. Na gwada nawa hannun a ɓoye, da goran Baba, ni ma ba ta amsa ba, ni da na cire mata ƙarfe. Kiɗan ne ba ta yarda da shi ba kuma, ko a hannun wa.

To shi ne kuke ji kowace safiya, damina da rani, da tafin nan nasa mai rami. Mutane na ce mini hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ai ban yar ba. Ni nake dafa masa, ni nake wanke masa, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ni na zauna a kansa. Gaisuwa ce dai ban ba shi ba, kuma na faɗa masa sharaɗina a gaban kowa: ranar da Iya ta taso ta karɓi dawo a hannunsa, ranar zan ce masa ina kwana.

Ga tuwonsa can na rufe da faifai, da kan tarwaɗa, shi ya fi so tun yana yaro. Ɗayanku ya miƙa masa kafin ya huce. In ya tambaya, ku ce ban ce komai ba.